Tafiya Makka bayan furfura

A kowane gari na karkara akwai dattijo irin wannan. Tun yana saurayi yake jin labarin Makka a bakin alhazai. Ya yi niyya, in Allah ya yarda shi ma zai je. Amma kowace shekara da abin da take zowa da shi. Bana auren ɗa, baɗi fari, wata shekara kuma cuta ta shiga garke. Ya tara, ya kashe, ya sake tarawa. Kafin kuɗin kujera su cika, kai ya yi fari. Akwai kuma tsohuwar da ta daɗe tana matsar man gujiya, tana kiwon raguna, tana zuba adashe, duk don wannan tafiya.

Ranar tashi, gari duka ke raka su tasha. Da yawa cikinsu ba su taɓa shiga jirgin sama ba sai ran nan.

Hanyar kakanni

Mutanen da a ƙasa suke tafiya, wasu a kan jaki ko raƙumi, wasu da ƙafa. Su bi ta Kano da Barno, su shiga Cadi, su wuce Abeshe. Daga nan sai Sudan: Fashir, Kartum, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Can ne suke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. In guzuri ya ƙare a hanya, mutum ya tsaya ya yi ƙwadago. Da yawa sun yi aikin auduga a gonakin Jazira, cikin Sudan. Tafiyar kan ci shekaru. Wani ya fita da ƙuruciya, ya komo da jikoki. Wani bai komo ba. Shi ya sa har yau akwai Hausawa masu yawa a Sudan.

Yanzu wannan hanya ba ta biyuwa, balle da yaƙi ya tashi a Sudan a shekarar 2023. Daga Yamai zuwa Jidda kamar kilomita 4,000 ne, kuma jirgin sama na cinye su cikin awoyi kaɗan. Hanya ta gajarta, amma dattijo na bukatar shiri sosai.

Kuɗi da gona

Kujera na da tsada. A shekarar 2023, kuɗinta daga Nijar sun wuce sefa miliyan 3. Wannan shi ke sa wani ya yi tunanin saida gona, ko saniyar da ke ba gida nono. Malamai sun ce hajji na kan mai iko ne. Wanda ya saida gona ya tafi, in ya komo ba shi da wurin shuka, ɗiyansa kuma ba su da gado. Gara a saida bisashen da aka yi wa kiwon turke, da rarar hatsi, da wake, da albasa. Iri da cimakar gida su tsaya cikin rumbu.

Akwai kuma zancen lokaci. Hajjin 2024 da na 2025 sun faɗo cikin watan Yuni, daidai lokacin shuka. Kowace shekara hajji na matsowa gaba da kamar kwana 11. Ko yaushe ya faɗo, mai tafiya ya kamata ya tara iyalinsa tun da wuri. A san wanda zai kula da gona, da wanda zai shayar da bisashe. A biya bashi, a nemi gafarar dangi da maƙwabta.

Takardu

A Nijar akwai hukumar da ke tsara hajji da umra, ana ce mata COHO. Akwai kamfanonin tafiya da ta yarda da su. Kafin dattijo ya miƙa kuɗinsa, ya tabbata kamfanin na cikinsu. Ya karɓi takardar shaidar biya, a karanta ta a gabansa, a duba sunansa da yawan kuɗin. Ana bukatar fasfo. Ana bukatar takardar allurar rigakafin shawara da ta sanƙarau.

Wasu kan zo su ce suna da hanya mai araha. Araha ba ta ado. A hajjin 2024 an yi zafi mai tsanani a Makka, ya wuce digiri 50. Hukumar Saudiyya ta ce mutum fiye da 1,300 sun rasu. Fiye da 8 cikin 10 na mamatan ba su da takardar izinin hajji. Saboda haka ba su samu tanti mai sanyi ba, ba su samu motar alhazai ba. A ƙasa suka yi ta tafiya cikin rana. Da yawa cikinsu tsofaffi ne.

Ƙarfin jiki

Hajji aikin ƙafa ne. Ana kewaya Ka'aba sau 7. Ana tafiya tsakanin Safa da Marwa sau 7, wannan kaɗai ya kai kilomita 3. Daga Makka zuwa Arfa kamar kilomita 20 ne. Ko da akwai mota, cunkoso kan sa a sauka a taka.

Manomi ya saba da rana, amma tsufa ba ya shawara. Kafin tashi, ya je likita a auna shi. Mai hawan jini ko ciwon suga ya tafi da maganin da zai ishe shi har komowa. A can ya sha ruwa tun ƙishirwa ba ta kama shi ba, ya riƙe laima, kada ya rabu da ƴan tawagarsa. Katin shaidarsa ya zauna a wuyansa dare da rana. Wanda ƙafa ta gaza, akwai keken turawa. Wanda ba ya iya zuwa jifan shaiɗan yana iya wakilta wani.

Jinkiri ma na da nasa hatsari. A 2020 da 2021, saboda cutar korona, ba a bar kowa ya shigo hajji daga waje ba. A 2022 an buɗe ƙofa, amma an hana wanda ya wuce shekara 65. Sai a 2023 aka ɗage wannan doka. Dattawa da yawa sun jira shekara 3 da kuɗi a hannu. Wanda Allah ya hore masa, kuma da sauran ƙarfi a jikinsa, bai kamata ya yi ta cewa sai baɗi ba.

Komowa gida

Ranar komowa, gida ba ya ɗaukar mutane. Ana raba ruwan zamzam da dabino, yara na jiran tsaraba. Daga ran nan sunansa Alhaji, sunanta Hajiya. In baƙi sun ragu, Alhaji ya ɗauki sandarsa ya nufi gona. Wanda ya yi shiri mai kyau zai tarar da gonarsa tana nan, hatsi ya fito, rumbu da sauran abinci.

Allah ya kai duk mai niyya, ya maido shi gida lafiya.