Buɗar Dawa da Cika-Ciki a Bakin Dajin Rugu

Manomin Batsari ko na Safana da shekara uku yake aiki a lokaci guda, kuma ba ya rikita su. Akwai ta Bature, wadda ake biyan albashi da kuɗin makaranta da ita. Akwai ta Hijira mai azumi da salla biyu, wadda kan ja baya da kamar kwana 11 duk shekara, shi ya sa azumi kan faɗo cikin hunturu, bayan wasu shekaru a same shi tsakiyar damina. Ta ukun ba a buga ta a kalanda. Lissafin manoma ke nan, wanda ake fara ƙirga watanninsa daga ɗaukewar ruwa, kuma har yau tsoho a Runka ko Wagini, in ka tambaye shi yaushe za a yi shuka, ba zai ce maka Mayu ko Yuni ba. Cewa zai yi sai watan bakwai ya kama, domin watan bakwai shi ne maƙarar rani.

A cikin wannan lissafi na uku ne tsohuwar sabuwar shekarar Bahaushe take, kuma a wata na huɗu take faɗowa, wajen Fabrairu, lokacin da amfani ya shiga rumbu, kara ya bushe, ciyawa ta yi ƙauri. Sunan bikin buɗar dawa, wasu su ce buɗin daji. Tushensa wata fahimta ce ta mutanen da: daji ba kango ba ne, yana da masu shi. Da damina ta sauka sai a ɗauka an rufe shi, ba farautar gayya, ba cinna wuta, namun dawa su hayayyafa, mutane su duƙufa gona. Ba wanda ke da ikon ɗage wannan takunkumi don kansa. Sai an taru, an yi sallama da mutanen ɓoye, sannan a shiga.

Masu aikin sanannu ne. Sarkin dawa da mafarautansa ke gaba, da karnuka da kwari da baka da gora. Ga sarkin noma, ga bokaye, ga 'yan bori mata da maza, ga masu garaya da masu kiɗan ƙwarya. Akan nufi wani wuri da aka gada, gindin tsamiya ko kuka ko gefen dutse, a yi yanka. Kowane iska da irin dabbarsa: Kure ja yake so, baƙar Doguwa baƙa. Wanda ya kawo wata kala ya yi asarar akuyarsa. A gidajen Maguzawa giya ba ta yankewa ranar, an dafa ta tun kwanaki.

Amma abin da ke tara jama'a, har da waɗanda ba ruwansu da tsafi, shi ne arwa. Mai duba zai zauna ya watsa wuri ko tsakuwa, ya ƙirga, ya sake watsawa, sannan ya faɗi abin da shekara ta ƙunso: ruwa zai sauka da wuri ko zai yi jinkiri, gero ne zai yi ko dawa, akwai fara, akwai baƙon dauro, akwai yaƙi, wani babba zai kwanta dama. Akan kuma karanta naman da aka fara kashewa a farautar ranar. Mai karatun zamani zai yi murmushi, kuma da gaskiyarsa ta wani ɓangare, don tsakuwa ba ta san gaibu ba. Sai dai a lura da wanda ke riƙe da tsakuwar. Dattijo ne da ya ga damina sittin, ya san yadda hunturun bana ya busa, ya ga inda tururuwa ke kai abinci, ya ji labarin fatake. In ya ce a tsimi hatsi bana, magidanci kan rage sayarwa, kuma sau da yawa wannan kaɗai ya isa ya raba gida da yunwar bazara.

Inda bikin ya fi barin sawu a rubuce shi ne hayin iyaka. Wani Bafaranshe, Guy Nicolas, ya yi shekaru yana nazarin Anna, wato Maguzawan kwarin Maraɗi, ya bayyana buɗin dajinsu a littafinsa na 1975, kuma har yanzu a Massalata kusa da Birnin Ƙonni ana taruwa duk shekara a ji abin da arwa ta ce. Wannan ba labarin baƙi ba ne ga mutanen yammacin Katsina. Da Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarautar Haɓe arewa ta yi, ta kafu a Maraɗi, ta tafi da al'adunta. Ƙasar Ruma da dajin da ke bayanta suka zama tsakanin wuta biyu. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya bi ta Zakka a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, cikin ɗar-ɗar ayarinsa ya ratsa dajin saboda mahara. Wato dajin da ake yi wa sallama ba wurin wasa ba ne tun asali.

Irin wannan tsoron ƙofar shekara ba Bahaushe kaɗai ke da shi ba. Al'ummar Maya ta Gwatamala da kudancin Meziko suna da shekarar rana mai wata 18, kowane wata kwana 20, jimla 360, sai ragowar kwana 5 da suke kira Wayeb. Waɗannan kwanaki biyar masu hatsari ne a wurinsu. Akan kame daga manyan ayyuka, a zauna gida, a jira shekara ta tsallake. Suna da wani lissafin kuma na kwana 260, wanda a garin Momostenango ake bikin zagayowarsa: masu ƙirgar kwanaki su kunna wuta, su zuba ƙaro da kyandir da sukari, su duba da ƙwayoyin wani jan wake. Wani limamin coci ɗan Sifen, Diego de Landa, ya ƙone littattafansu a Mani a 1562, amma ƙirgar ba ta mutu ba, don a ka take. Su ma da kalanda fiye da ɗaya suke tafiya, su ma masara ce ta koya musu lissafi kamar yadda gero ya koya mana.

Bambancin shi ne namu bikin ya ƙaura daga daji ya shigo gida. Musulunci ya kawo tasa sabuwar shekarar, watan Muharram, Bahaushe ya karɓa ya sa masa suna watan cika-ciki. Azumin Tasu'a da Ashura, ranar 9 da 10 ga wata, shi ne ibadar. Abin da ya biyo baya namu ne. Uwargida ta ɓoye jelar ragon layya ko busasshen kansa tun babbar salla, wata guda ke nan, sai daren nan ta fito da shi ta zuba a miya. A tuƙa tuwo fiye da kullum, a aika maƙwabta, almajiri ma ranar sai ya ture kwano. Yara kuwa a tsorata su cewa wanda bai ƙoshi yau ba haka zai ƙare shekara. Malamai, musamman tun bayan kafuwar Izala a 1978, sun sha faɗa a kan mumbari cewa wannan ciye-ciye ba shi da asali a addini. An ji, an rage, amma tukunyar ba ta sauka ba. Ni dai ina ganin abin da mai arwa ke nema a gindin tsamiya shi uwargida ke nema a murhu: a shiga shekara da alamar wadata.

Sai kuɗin shara. A wannan wata ne taubasai ke bin juna bashi, ɗan mace da ɗan namiji, a tare mutum a hanya a ce ya biya, ya yi gardama, a yi ta zolaya har ya zaro abin da ya sawwaƙa. Jika ma kan tasa kakarsa gaba, Bafulatani da Babarbare kuwa nasu wasan ba ya jiran wata. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Amfaninsu shi ne sau ɗaya a shekara dole kowa ya tuna ɗan wa ne shi, wa ya haifi wa.

Buɗar dawa kuwa ta daɗe tana ja da baya kafin bindiga ta zo. Wa'azi ya ci rabonsa, gonaki sun cinye gefen daji, manyan namun dawa sun ƙare, 'ya'yan Maguzawa sun musulunta ko sun shiga coci. Abin da ya saura shi ne farautar rani, wadda samari ke fita da karnuka a mota ba tare da yanka ko duba ba. Ita ma 'yan bindiga sun tsuke ta. Dajin Rugu ya koma mafakarsu. A watan Fabrairun 2020, daidai lokacin da a da ake buɗe daji, suka afka wa Tsauwa da Dankar a ƙaramar hukumar Batsari, aka rasa mutum 30. An yi sulhu a 2019 zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, bai ɗore ba. A 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma, kuma mafarauta da 'yan tauri da dama, jikokin masu buɗe dawa, yanzu sintiri suke yi a bakin dajin da kakanninsu ke shiga da garaya.

Tambayoyin da ake kai wa mai arwa suna nan, an dai sauya wurin kai su. Labarin ruwa a rediyo ake saurara, daga hasashen hukumar yanayi da ke fita farkon shekarar Bature, sannan a gwada shi da abin da tsofaffi suka gani. Labarin zaman lafiya a kasuwar Batsari ake tsinta, wurin masu rogo da direbobi: wace hanya ce ta buɗe, wace gona ce za ta nomu bana, wane ƙauye ne mutanensa suka fara komawa.