Daga Kano zuwa Jidda: Awa Nawa Ne a Sama?

Tambaya ce da maniyyata ba sa gajiya da yi idan aikin Hajji ya ƙarato, kuma na lura amsarta ba ta tsaya wuri guda ba. A lissafi, tsakanin Kano da Jidda akwai kimanin kilomita 3,400. Jirgin fasinja na zamani yana cin wajen kilomita 850 a cikin awa guda, wato da tashi da sauka, awa huɗu da rabi ta wadatar. Sai mai karatu ya tuna agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, abin da kan rikita alhazai da dama har su ɗauka tafiyar ta fi haka tsawo.

Wannan tazara ce kakanninmu suka riƙa shafe shekaru suna ratsawa a ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya. Da yawa ba su dawo ba. Zuriyarsu na nan a garuruwa irin su Mai Wurno a Sudan. Jiragen saman da suka fara sauka a Nijeriya, a Kano cikin 1925, su ma daga Masar suka taso, suka biyo ta Sudan.

To amma jirgi ba taswira kaɗai yake bi ba. Akwai iska. A can sama wata guguwa tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas, shi ya sa daga New York zuwa Landan akan yi kamar awa bakwai, komawa kuwa ta kai takwas. A watan Fabrairun 2020 wani jirgin British Airways ya samu wannan iska a bayansa, ya iso Landan cikin awa 4 da minti 56.

Abin da ya fi damuna shi ne siyasa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, hanyar da ta fi kusa zuwa ƙasa mai tsarki ta toshe. Dole jiragen alhazanmu suka yi zagaye, awoyi suka ƙaru, man da ake ƙonawa ya ƙaru, kamfanonin jigila kuma suka nemi ƙarin kuɗi. Ba a daɗe ba, a watan Agusta na wannan shekara, sojojin da suka karɓi mulki a Yamai suka rufe sararin Nijar na wasu makonni, jiragen da ke tasowa daga Turai suka koma kewayawa. Turawa ma sun ɗanɗana: bayan Rasha ta rufe musu sararinta a 2022, tafiyar Finnair daga Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga wajen awa tara zuwa sha uku.

A ganina, masu tsara kuɗin kujera sun cancanci a tambaye su wace hanya jirgi zai bi, da kuma wanda zai ɗauki nauyin zagaye idan an rufe ta. Manomin da ya yi shekara goma yana adashin Hajji ya kamata ya san wannan tun kafin ya biya, domin a aljihunsa ƙarin kan sauka.