Mai Kula Da Manhajar Kyauta Ba Yaronka Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa a tsakanin masu rubuta manhaja, har da matasanmu, kuma ta isa a yi magana a kanta. Mutum zai ɗauko manhajar kyauta daga GitHub, ya gina aikin da zai karɓi kuɗi a kai. Ranar da ta ba shi matsala sai ya dira kan masu kula da ita da faɗa, wai me ya sa har yanzu ba a amsa masa ba. Sai ka ce shi ke biyansu albashi!

Hanyar neman taimako biyu ce. Ko ka biya kamfani ku ƙulla yarjejeniya mai ƙayyade lokacin da zai amsa kukanka, ko ka tambayi jama'a a wurare irin su Stack Overflow. Kamfanin Red Hat da hanyar farko yake cin abinci a kan Linux, har IBM ya saye shi a kan dala biliyan 34 a 2019. Irin wannan kana da bakin tuhumarsa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kuskuren shi ne zaton cewa duk manhajar da duniya ke amfani da ita akwai katafaren kamfani a bayanta. Ina! A 2014, da aka gano ɓarakar Heartbleed a cikin OpenSSL, wadda shafukan intanet bila adadin suka dogara da ita wajen ɓoye sirri, sai ga shi gudummawar da aikin ke samu a shekara ba ta wuce kusan dala 2,000 ba. A Disambar 2021 ma 'yan sa-kai ne suka hana idonsu barci suna toshe ɓarakar manhajar Log4j. Bayan 'yan makonni wani babban kamfani ya rubuta wa Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin mai kula da manhajar curl, yana neman bayani kan Log4j cikin awa 24, alhali curl ba ta amfani da ita. Ya ce musu su fara sa hannu a yarjejeniyar biya tukuna. Ya yi daidai.

Wannan matsin lamba yana da haɗari. Lasse Collin shi kaɗai ya daɗe yana ɗauke da manhajar xz. Aka yi ta tsangwamarsa da cewa yana jan ƙafa, har ya damƙa amana ga wani mai kiran kansa Jia Tan, wanda ya dasa ƙofar ɓoye a ciki. Allah Ya sa wani mai suna Andres Freund ya gano ta a Maris ɗin 2024.

Tabbas hanyar biyan kamfani ma tana da nata jinkirin da tsada.

To, me ya kamata? Fara da karanta lasisi. Na MIT ya faɗa ƙarara cewa an ba ka manhajar yadda take, babu garanti. Kafin ka yi tambaya, bincika ko an riga an amsa ta. Faɗi sigar da kake amfani da ita, da irin kwamfutarka, da abin da ka gwada. Kwafo saƙon kuskuren a rubuce, ka daina ɗaukar hoton allo da waya a karkace. Rage matsalar zuwa 'yan layuka da kowa zai iya gwadawa, ka kuma goge kalmar sirri da bayanan abokan ciniki kafin ka tura. In ka samu mafita, dawo ka rubuta ta don na baya, ka yi godiya.

In kuwa aikinka ya shafi kuɗin jama'a ko bayanan marasa lafiya, sa kuɗin tallafi cikin lissafin kwangila tun farko. Kamfanin da ke cin riba da gumin 'yan sa-kai kuma, ya ji tsoron Allah ya riƙa ware musu wani abu.