CIWON WUYA DA FIRGITA BAYAN HATSARIN MOTA

A cikin yawon da muke yi ƙauye ƙauye, mukan tarar da mutanen da suka fita daga hatsarin mota ba karaya, ba jini. Jama'a suka yi musu barka, aka watse. Amma bayan wata uku, ga mutum bai koma daidai ba. Wuyansa ya sage, ba ya barci, in ya ji ƙarar birki sai gabansa ya faɗi. Waɗansu su ce ragwanci ne, waɗansu su ce iska ce ta taɓa shi. A wannan wata za mu bayyana abin da yake faruwa, da hanyar neman magani da diyya.

Abin da yake samun wuya

Ƙasusuwa 7 ne a wuyan mutum, suna ɗauke da kai mai nauyin wajen kilo 5. In aka bugi mota daga baya, ko ta tsaya farat ɗaya, sai kai ya fizga baya da gaba kamar bakin bulala. Nama da jijiyoyin da suke riƙe da ƙasusuwan su miƙe fiye da kima. Sau da yawa ciwon ba ya tashi nan take, sai bayan awoyi ko kashegari. Hoton ƙashi kuwa ba ya nuna irin wannan rauni, don haka a ce hoto bai nuna kome ba, ba shi ne lafiya ba.

Kada a bar mai ɗori ya murɗa wuyan. In hannu ko ƙafa ta mutu, ko ta rasa ƙarfi, a kai mutum asibiti maza, kada a bar kansa yana lilo a hanya. In likita ya tabbatar ba karaya, motsa wuya a hankali ya fi kwanciya. Yawanci akan warke cikin makonni ko 'yan watanni. Mace ta dakata da ɗaukar tulu da itace a ka sai likita ya yarda, mutanen gida kuwa su ɗauke mata wannan aiki.

Raunin zuciya

Tsoro a kwanakin farko ba abin mamaki ba ne, yakan ragu da kansa. Amma in wata guda ya wuce mutum yana mafarkin hatsarin, yana ganinsa a ido da rana tsaka, yana gudun tasha, yana saurin fushi da 'ya'yansa, to, abin ya zama cuta. Tun shekarar 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wannan firgita cikin jerin cututtuka. Ba hauka ba ne, ba kuwa rashin bangaskiya ba ne.

Ciwon wuya da firgita suna ƙara wa juna ƙarfi. Mai tsoro yakan ɗaure jikinsa, naman wuya ya ƙara tauri. Ciwo ya hana barci, rashin barci ya ƙara damuwa. Likitoci sun lura cewa waɗanda suka firgita ƙwarai sun fi daɗewa da ciwon wuyan. Asara kuwa ta bi baya: manomin da ba ya iya shiga akori-kura ranar kasuwa, dole ya sayar da hatsinsa a ƙofar gida da araha.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu saurare shi, kada mu tilasta masa ba da labarin, kada kuma mu ce masa, "Ai ka tsira, manta kawai." A raka shi gajeriyar tafiya a mota, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. In abin ya ƙi, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, da Kware, da Maiduguri.

Batun diyya

Tun dokar 1945, wajibi ne motar da take bin hanya a Najeriya ta kasance da inshorar da za ta biya waɗanda ta yi wa rauni. A shekarar 2023 hukumar NAICOM ta ƙara kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara. Amma kamfanin inshora da kotu da takarda suke aiki. Raunin da ba a gani, in ba a rubuta shi ba, da wuya a biya shi. Saboda haka:

1. A rubuta lambar motar, da sunan direba, da na shaidu.
2. A sanar da 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra. Lambar gaggawa ta jami'an kiyaye haɗurra 122 ce.
3. A je asibiti a ranar, ko da ba a jin ciwo. A kowace komawa a gaya wa likita har da rashin barci da mafarkai, a roƙe shi ya rubuta.
4. A adana kowane rasit, a rubuta kwanakin da aka rasa a gona.
5. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a takardar cewa magana ta ƙare kafin a san iyakar ciwon. Sulhu abu ne mai kyau, amma kuɗin da aka karɓa a bakin hanya ba sa kai mutum ƙarshen damina.
6. Kada a yi jinkiri, gama doka ta sa iyakar lokacin kai ƙara. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi shawara a ofishin Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976.

A faɗi gaskiya, kada a ƙara gishiri. Kada kuma a jira diyya kafin a fara magani, gama shari'a takan ɗauki lokaci, ciwo kuwa ba ya jira.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata su karanta wa jama'arsu wannan. In akwai irin wannan mutum a ƙauyenku, ku ziyarce shi a makon nan, ku kuma yi masa gayya a gonarsa. Allah ya kiyaye hanya.