Me Ya Sa Kashe Uwar Garke Ke Wahala Bayan Banki Ya Yi Ƙaura?

A watan Oktoban 2024, daidai lokacin da gero da dawa ke shiga kasuwannin Dambatta da Bichi, manyan bankuna biyu suka sauya manhajar da ke riƙe da asusun jama'a. GTBank ya koma kan Finacle, Zenith kuma ya koma kan Flexcube na kamfanin Oracle. Kwanaki aka kwashe kwastomomi na kuka da tiransifa da ke maƙalewa. Ga manomin da ya sayar da buhu yana jiran alat a wajen mai POS, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Matsalolin ƙaura iri-iri ne, amma akwai wadda ba a cika magana a kanta ba: tsayar da uwar garke, wato manhajar da ke amsa saƙon da wayarka ke aikawa.

Manyan bankunan duniya da dama suna aiki da ƙatuwar kwamfutar IBM da ake kira menfirem, mai tsarin z/OS. A 2015, da fitowar z/OS 2.2, IBM ya cire tsohuwar uwar garkensa da aka gina kan Domino, ya bar wadda aka gina kan Apache. Dole masu kula da ita suka koyi sabuwar hanyar kashewa.

Ga yadda abin yake. Idan Apache ta tashi, takan rubuta lambar aikinta a wani ɗan fayil, sannan ta haifi ƙananan ayyuka masu karɓar baƙi. Umarnin tsayarwa yakan karanta wannan lamba don ya san wa zai kashe. To bayan ƙaura, idan fayil ɗin ya canja mazauni, ko asusun da ya ba da umarni ba shi da izini, sai umarnin ya faɗi ƙasa banza, uwar garken na nan tana aiki, ta kuma tare ƙofar da sabuwar ke buƙata.

Me zai hana a kashe ta da ƙarfi? Domin akwai cinikin da ke tsakiyar hanya. Idan aka yanke shi, ana iya cire kuɗi daga asusun mai saye ba su isa ga mai sayarwa ba. Shi ya sa Apache ke da umarnin graceful-stop: ta daina karɓar sabbin baƙi, ta sallami na ciki, sannan ta rufe.

Barin tsohon abu da rai ma yana da tsada. Ranar 1 ga Agustan 2012, kamfanin Knight Capital na Amurka ya tafka asarar dala miliyan 440 cikin kusan minti 45, saboda ɗaya daga cikin kwamfutocinsa takwas ba ta samu sabuwar manhaja ba, tsohon umarni ya farka.

Saboda haka, idan bankinka ya sanar da ranakun sauya tsari, ka tanadi tsabar kuɗi kafin ranar kasuwa. In tiransifa ta maƙale, kada ka sake turawa nan take. Duba ragowar kuɗinka tukuna, ka adana rasit da lambar cinikin. A 2020 CBN ya umarci bankuna su warware cinikin POS ko na intanet da ya gaza cikin awa 72. Da wannan rasit za ka nemi haƙƙinka.