Dashen Guringuntsi A Gwiwar Mai Shi

A zangon karatun da ya wuce, ran da 'yan aji biyu suka kara da 'yan aji uku a filin tamaula, wani abokina ya yi tsalle zai sa wa ƙwallo kai, da ya diro sai gwiwarsa ta murɗe. Muka kinkime shi zuwa asibiti, aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce babu karaya. Muka yi murna, bayan mako uku ya koma fili. Yau ga shi wata biyar ke nan, gwiwar ba ta daina kumburi ba, wani lokaci ma sai ta sarƙe masa yana cikin hawan matakala. Da ya sake ganin likita, aka ce guringuntsin gwiwar ne ya ɓantare. Abin da ya sa na shiga tambaya da karatu ke nan, ga kuwa abin da na samo, ko zai amfani 'yan'uwana ɗalibai.

Duk wanda ya taɓa tauna ƙashin kaza ya san guringuntsi, watau farin abin nan mai santsi da ke bakin ƙashi. A gwiwar mutum shi ne ya lulluɓe ƙarshen ƙashin cinya, da kan ƙashin ƙwauri, da bayan ƙoƙon gwiwa. Kaurinsa a yawancin wurare milimita 2 ne zuwa 4, kuma fiye da rabinsa ruwa ne. Shi ke sa ƙasusuwa su riƙa zamewa a kan juna ba tare da gugar juna ba, shi ne kuma ke ɗaukar nauyin jiki in muna gudu ko tsalle.

To, ga inda wahalar ta ke. In ka yanke a yatsa, jini ya kan zo da abinci da masu gyara, cikin 'yan kwanaki ciwo ya warke. Ƙashi ma in ya karye ya kan haɗe, domin akwai jini a cikinsa, shi ya sa aikin maɗori ya ke ci. Amma guringuntsin gaɓa ba shi da hanyar jini ko ɗaya. Abincinsa daga ruwan gaɓa ya ke tsotsa, kamar yadda soso ke shan ruwa in an matsa shi an saki. Ƙwayoyin halittar da ke gina shi kuwa 'yan kaɗan ne, kowace tana kulle a ɗakinta, ba ta iya tasowa ta je inda rami ya ke ta cike shi. Ba shi kuma da jijiyar jin zafi, saboda haka mutum ya kan daɗe yana taka ƙafa bai san girman ɓarnar ba. Tun a shekarar 1743 wani likita a Landan, William Hunter, ya rubuta cewa guringuntsi in ya lalace ba ya komowa. An yi fiye da shekara ɗari biyu likitoci suna riƙe da wannan magana.

An gwada dabaru kafin a kai ga wadda zan bayyana. Ɗaya daga ciki ita ce a huda ƙashin da ke ƙarƙashin ramin da wani siririn tsinke, don jini da ɓargo su fito su cike gurbin. Wannan ya kan yi amfani ga ƙaramin rami, har yanzu kuwa ana yinsa. Sai dai abin da ke tsirowa a wurin ya fi kama da tabo, ba shi da ƙwarin guringuntsi na ainihi, sau da yawa ya kan zaizaye bayan 'yan shekaru.

Sai wani likitan ƙashi na ƙasar Suwidin, Lars Peterson, da abokan aikinsa suka ɗauko wata hanya dabam. Mu da mu ke aiki a lambun kwaleji za mu gane ta da sauri. In muna son tumatir, ba a gona mu ke watsa irin ba. Mu kan yafa shi a ɗan fangali, mu yi ta ba shi ruwa har ya yi yawa ya yi ƙarfi, sa'an nan mu cire mu dasa. Haka su ma suka yi da ƙwayoyin guringuntsi. Suka fara gwadawa a jikin zomaye, a shekarar 1987 kuma suka yi wa mutum na farko a birnin Gotenbog. A 1994 Mats Brittberg da Peterson da sauransu suka buga labarin mutum 23 da aka yi wa aikin. Cikin mutum 16 da raminsu ya ke a ƙarshen ƙashin cinya, 14 sun sami sauƙi sosai bayan shekara biyu. Amma cikin 7 da nasu ya ke a ƙoƙon gwiwa, 2 kaɗai suka sami irin wannan sauƙi.

Aikin hawa biyu ne. Da fari likita ya kan zura wani siririn bututu mai fitila da madubi cikin gwiwar, ya duba ramin ya auna shi. Sa'an nan ya ɓanto ɗan guringuntsi mai lafiya daga gefen da ba ya ɗaukar nauyi, miligiram 200 zuwa 300, kamar nauyin ƙwayar shinkafa goma. A kai shi ɗakin gwaji, a zuba masa wani magani mai narkar da shi, ƙwayoyin halittar su fito daga ɗakunansu. A sa su cikin ruwan abinci, a ajiye su a ɗumi irin na jikin mutum. A nan su kan yi ta rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har cikin 'yan makonni su kai miliyoyi.

Hawa na biyu shi ne dashen. A buɗe gwiwar, a kankare gefen ramin har a kai ga guringuntsi mai kyau. A zamanin farko su kan yanko 'yar fatar nan da ke manne a jikin ƙashin ƙwauri, su ɗinke ta a bakin ramin kamar marfi, su ɗura ƙwayoyin a ƙarƙashinta da allura. Marfin nan ya kan yi kauri fiye da kima a wurin waɗansu, har sai an sake shiga an aske shi. Don haka aka koma shuka ƙwayoyin a kan wani ɗan ƙyalle da a ke sarrafawa daga jikin dabba, a yanka shi daidai da ramin, a manna shi da wani irin danƙo. Irin wannan da a ke kira MACI, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a 2016, ƙyallensa daga jikin alade a ke yinsa, saboda haka ya kamata likita ya gaya wa majinyaci tun da wuri. Su ƙwayoyin kuwa da ya ke na mai gwiwar ne, jikinsa ba ya ɗaukarsu baƙi balle ya yaƙe su, kamar yadda ya kan faru in an dasa wa mutum ƙodar wani.

Kada mai karatu ya zaci daga an ɗinke sai komawa fili. Dashen sabon tsiro ne, ba ya son a tattake shi. Mutum zai yi kamar mako shida yana dogara sanduna, ana lanƙwasa gwiwar a hankali don ruwan gaɓa ya ciyar da shi. Tamaula kuwa sai bayan shekara guda ko fiye. Ga shi da tsada ƙwarai, domin fiɗa biyu ce, ga kuma ɗakin gwaji na musamman.

Ba kuwa kowace gwiwa ce ya dace da ita ba. Hukumar da ke ba asibitocin Ingila shawara ta yarda da shi a 2017, amma da sharuɗɗa: ramin ya fi murabba'in santimita 2, watau kamar faɗin farcen babban yatsa, ba a taɓa yi masa wani aikin gyara ba, kuma sauran gwiwar ba ta zaizaye ba. Ciwon gwiwar tsufa da ke damun iyayenmu da kakanninmu, inda guringuntsin duka ya cinye, wannan dashe ba maganinsa ba ne. Faci a ke yi, facin kuwa sai rigar da sauranta ke da ƙwari.

Nan ne maganar ta shafe mu. Abokina ya koma fili ne domin hoton ƙashi bai nuna kome ba, alhali kuwa guringuntsi ba ya fitowa a irin wannan hoto, sai a na'urar nan mai aiki da maganaɗiso, ko kuwa likita ya leƙa da bututu. Duk gudun da ya yi a kan ramin nan yana iya faɗaɗa shi. Gobe mu ne malaman da za su riƙe usur a filayen makarantu. In yaro ya faɗi, gwiwarsa ta kumbura, ko tana sarƙewa, ko tana sagewa in ya taka, kada mu ce ya daure ya nuna shi namiji ne, kada kuma mu tsaya ga gashi da ruwan zafi. Mu fid da shi daga wasa, mu gaya wa iyayensa, a kai shi ga likitan ƙashi tun ramin yana ƙarami. Allah ya ba abokina sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya, amin.