Bayan shekara arba'in da rauni: Yadda tsofaffin 'yan tsere ke komawa fage, da abin da masu gudun asuba a Karmo suka rasa

Ranar 20 ga Fabrairu, 1994, a rufaffen filin tsere na Jami'ar Harvard da ke yankin Boston a Amurka, wani mutumin ƙasar Ayalan mai suna Eamonn Coghlan ya yi gudun mil ɗaya cikin minti 3 da daƙiƙa 58.15. Shekarunsa 41 a lokacin. Kafin wannan rana babu wanda ya haura shekara arba'in da ya taɓa cinye mil ɗaya, wato mita 1,609, a ƙasa da minti huɗu. Lokacin da Roger Bannister ya fara yin hakan a Ingila cikin watan Mayun 1954, saurayi ne ɗan shekara 25, kuma duniya ta daɗe tana maganarsa. Sai ga magidanci mai iyali, wanda ya riga ya yi sallama da tsere, ya dawo ya yi abin da saurayin ya yi, har ya fi shi sauri.

Boston na da nisa da Karmo, amma wanda ya saba fita bayan sallar asuba a kan hanyar da ta taso daga Life Camp ta ratsa Karmo zuwa Gwagwa ya san akwai masu neman irin wannan dawowa a nan ma. Kafin tifofi da Keke Napep su cika titi, akan ga magidanta cikin tsofaffin takalman gudu suna sassarfa a gefen kwalta. Da yawansu ma'aikatan gwamnatin tarayya ne da tsadar haya ta turo bayan gari. Wasu sun yi wa makarantarsu gudu a zamanin gasar gidajen ɗalibai, wasu sun wakilci ma'aikatarsu a wasannin ma'aikatan tarayya na FEPSGA, sai kujerar ofis ta riƙe su shekara goma sha. Yanzu likita ya ambaci hawan jini, ko wando ya daina rufuwa, suka tuna suna da ƙafa. Akan daina ganin wasu daga cikinsu kafin wata biyu, kuma in aka bincika, ba ƙyuya ce ta mayar da su gida ba. Agara ce, ko gwiwa, ko naman bayan cinya.

Shi kansa Coghlan ya san wannan hanya. A fagen buɗaɗɗen fili sa'arsa kaɗan ce: ya zo na huɗu a tseren mita 1,500 a gasar Olamfik ta 1976, ya sake zuwa na huɗu a mita 5,000 a 1980. Duk wanda ya san tsere ya san babu matsayi mai ɗaci kamar na huɗu, domin mutum yana kallon dandamalin karɓar lamba amma babu gurbinsa a kai. A cikin zaure kuwa sarki ne. Rauni ya cinye masa kakar 1982, amma a Fabrairun 1983 ya dawo ya kafa tarihin duniya na mil ɗaya a rufaffen fili, minti 3 da daƙiƙa 49.78, tarihin da ya zauna shekara 14 kafin Hicham El Guerrouj na Maroko ya goge shi a 1997. A 1983 ɗin dai ya ci zinaren mita 5,000 a gasar duniya ta farko da aka yi a Helsinki. Sai rauni ya sake kama shi, ya hana shi zuwa Olamfik ɗin 1984, a daidai shekarun da ya fi kowane lokaci ƙarfi. Saboda haka mutumin da ya tsaya a Harvard bayan shekara goma ya riga ya koyi zaman jiyya, kuma ya koyi tashi daga gare ta.

Fili mai kwana huɗu a cikin zaure

Domin a fahimci nauyin abin da ya yi, sai an san yadda rufaffen fili yake. Zagayen filin da muka saba gani, irin na Filin Wasa na Ƙasa na Moshood Abiola, mita 400 ne. Na cikin zaure mita 200 ne, rabin wancan, don haka mai gudun mil sai ya zagaya sau takwas da 'yan kai. Kwanoninsa matsattsu ne, shi ya sa ake ɗaga gefen waje ya yi gangara kamar bakin tasa, don kada gudu ya jefa mutum waje. Da yake kullum hagu ake juyawa, ƙafar hagu da ta dama ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma idon sawu da agara su ne ke biyan kuɗin kowace kwana. A zamanin Coghlan ma abin ya fi haka tsanani. Filin katako na Madison Square Garden a New York, inda ya lashe tseren mil na gasar Millrose har sau bakwai, sai an zagaya shi sau goma sha ɗaya kafin a cika mil. Tseren mita 60 kaɗai ne ya tsira daga kwana: a tsakiyar zauren ake yinsa a miƙe, da katifa jingine da bango don tare masu gudu.

Abin mamaki, wannan fili mai wahalar da jijiya shi ne ya fi karɓar tsofaffin hannu. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Babu iska, babu rana, babu ruwan sama, saboda haka lokacin da agogo ya nuna yau ana iya gwada shi da na makon jiya ba tare da gardama ba. Kakar gajeriya ce, daga Janairu zuwa Maris, jiki ba ya shan dogon duka. Sannan matsatsin fili yana ba gwaninta daraja: sanin inda za a tsaya a cikin ayari, da lokacin da za a fita a wuce, abu ne da shekaru ke ƙarawa, ba ragewa ba.

Gail Devers ta Amurka ta nuna haka a gajeren zango. Ita ce ta ci zinaren mita 100 a Olamfik na 1992 da na 1996, bayan fama da cutar Graves wadda ta kusa raba ta da ƙafafunta. A Atina a 2004, tana da shekara 37, naman sha-raɓarta ya tsinke mata gudu tun kafin ta ƙetare shingen farko, ta zube a fili duniya na kallo. Kowa ya ɗauka ƙarshen ke nan. Ta haihu a 2005, ta koma atisaye, kuma a Fabrairun 2007, tana da shekara 40, ta lashe tseren mita 60 na tsallake shinge a gasar Millrose cikin daƙiƙa 7.86, a gaban Joanna Hayes wadda ta ɗauki zinaren Atina. Kim Collins na tsibirin Saint Kitts da Nevis, zakaran duniya na mita 100 a 2003, shi ma ya ajiye takalmi ya sake ɗauka, kuma gudunsa mafi sauri a mita 60, daƙiƙa 6.47, yana ɗan shekara 38 ya yi shi, a Folan a 2015.

Abin da jiki ke cewa

A nan ne ya kamata mai gudun asuba ya saurara da kyau, domin waɗannan labarai suna iya yaudara. Zuciya da huhu suna saurin amsa kira: mutum ya yi sati uku yana fita, sai ya ji numfashinsa ya daidaita, ya ɗauka ya koma ɗan shekara ashirin. Jijiyoyin da ke ɗaure nama da ƙashi ba haka suke ba. Jinin da ke isa gare su kaɗan ne, suna daɗewa kafin su yi ƙwari, suna daɗewa kafin su warke. Agara tana buƙatar watanni kafin ta saba da nauyin da huhu ya riga ya amince da shi. A wannan tazara ce ake samun yawancin raunuka, kuma likitocin ƙashi sun daɗe da sanin cewa tsinkewar agara ta fi samun maza masu shekara talatin zuwa hamsin da ke zaune duk mako sannan su zabura ranar Asabar.

Ƙwayoyin naman da ke ba da zabura su ne ke fara raguwa da shekaru, kafin na juriya. Ana iya rage saurin tafiyarsu da ɗaga nauyi da gajerun gudu masu tsari, amma hutu tsakanin atisaye mai tsanani dole ya ƙaru. Ƙashi ma yana tsagewa a hankali idan aka yi ta dukansa a kan kwalta ba hutu, tsagar da ba ta zuwa da faɗuwa ko kumburin da zai tsorata mutum, sai wani ciwo a wuri ɗaya da ke ƙaruwa kullum. Irin wannan sai an yi hoto kafin a tabbatar da shi. Mai ɗori na da gwanintarsa a karaya da targaɗe, amma agarar da ta ɗan yage ba ta son murza, kuma man zafi ba ya ɗinke ta. Aikin likitan gashin ƙashi ne, tare da motsa jiki na mataki-mataki mai gundura, wanda yawancinmu kan watsar da zarar ɗingishi ya tafi.

Lambobinmu na cikin zaure, duk a waje aka ci su

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage, ko da yake ba mu da sanyin ƙanƙarar da ya sa Turawa suka shiga zaure. Marigayi Sunday Bada, jami'in ɗan sanda, ya ci azurfa a mita 400 a gasar duniya ta rufaffen fili a 1993 da 1995, sannan ya ɗauki zinare a Paris a 1997. Olusoji Fasuba ya lashe mita 60 a Valencia ta Sifaniya a 2008. Bada ya rasu a Legas a Disambar 2011 yana ɗan shekara 42, watanni kaɗan kafin a mayar da azurfar da shi da abokansa suka ci a tseren miƙa sanda na Olamfik ɗin Sidni zuwa zinare. Fasuba kuwa ya bar tsere tun bai kai talatin ba, ya shiga rundunar sojan ruwan Birtaniya. A ganina wannan ita ce asarar da ba a cika lissafawa ba: muna rasa 'yan tserenmu a shekarun da takwarorinsu na wasu ƙasashe ke shiga zangonsu na biyu.

Amma Abuja ta taɓa ganin zango na biyun da idonta. A Oktoban 2003, a wasannin Afirka da aka gina babban filin wasan birnin dominsu, Mary Onyali ta lashe mita 100 da mita 200 tana da shekara 35, uwa, shekara bakwai bayan tagullar da ta ci a Atlanta. A shekarar da ta biyo baya ta halarci Olamfik ɗinta na biyar.

Shekara 35 ɗin nan ita ce ƙofar shiga gasar manya ta duniya, inda ake raba masu tsere rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar: 35 zuwa 39, 40 zuwa 44, haka har zuwa masu casa'in. Suna da gasarsu ta rufaffen fili tun 2004, wadda aka fara a Jamus. Hikimar tsarin a fili take. Mataimakin darakta ɗan shekara 52 da aka jera da sabon ma'aikaci ɗan shekara 27 abu biyu ne ke jiransa, kunya ko rauni, kuma sau da yawa gudun kunyar ne ke jawo raunin. In aka jera shi da sa'o'insa, yana da abin da zai yi wa shiri shekara guda ba tare da ya kashe kansa ba. Ma'aikacin da doka ta ba shi har shekara 60, ko shekara 35 na aiki, kafin ritaya, yana da rukuni biyar a gabansa tun daga ranar da ya cika 35. Masu shirya wasannin ma'aikata ba sa buƙatar sabon kasafi kafin su raba tserensu haka, takardar haihuwa ce kawai, kuma tana cikin fayil ɗin kowa.

Batun wurin gudu ya fi wuya. Daga Karmo, mai son ƙasa mai laushi da aunannen zango sai ya shiga mota zuwa babban filin wasa, ko ya haƙura da zagayen tafkin Jabi ranar Asabar. Sauran kwanaki kwalta ce da kwata a gefe, da ƙurar hunturu daga Disamba, da laka daga Yuni, ga ranar Talata da kasuwa ke cinye gefen titin tun da sassafe. Sai dai tun ƙarshen 2023 Hukumar Wasannin Guje-guje ta Duniya ta sauya ƙa'ida: ta daina kiran wannan fage da sunan rufaffen fili a littafin tarihinta, ta koma kiransa gajeren zagaye, kuma ta amince da zagayen mita 200 ko da babu rufi a kansa. Irin wannan zagaye bai kai filin ƙwallo cin wuri ba. Harabar makarantar sakandare za ta ɗauke shi, haka ma wani lungu na filayen da tsarin birnin ya ware wa shaƙatawa a gundumomin Karmo da Idu.

Tarihin Coghlan na masu shekara arba'in ya yi shekara 21 a tsaye. A Fabrairun 2015 Bernard Lagat, haifaffen Kenya mai gudu wa Amurka, ya rage shi zuwa minti 3 da daƙiƙa 54.91 a gasar Millrose, watanni biyu bayan cikarsa arba'in. Lagat ɗin ne dai ya riga ya karɓe masa tarihin yawan lashe mil a wannan gasa, da nasara ta takwas a 2010. A lokacin da tarihi na biyun ya faɗi, Coghlan yana zaune a majalisar dattawan Ayalan, inda aka naɗa shi sanata a 2011.